Allurar Baba Ba Ta Auna Nesa

Da sunan Allah Mai rahama. Zuwa ga Yaya Abba.

Assalamu alaikum. Ni ce Fanna. Baba ya ce in kawo kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, in zauna a zaure, zai faɗa ina rubutawa, a sa maka takardar cikin jaka, ka buɗe gobe in ka sauka Damagaram. Ya tafi alwala. Kafin ya dawo zan rubuta wani abu nawa, tunda shi ba ya karanta boko.

Yaya, ba na ganin nesa. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Inna. Abin da ke hannuna ina ganinsa sarai, amma in abu ya wuce tsawon zauren nan sai ya narke. Mutane da tafiyarsu nake gane su, da launin zanensu. Ana cewa kunya gare ni, ba na gaida mutane sai sun zo dab da ni. Rabi kunya ce, rabi ban san ko wane ne ba. A ƙaramar lakwal, makarantarmu ta farko, gaba ake zaunar da ni don ni gajera ce, ina lallaɓawa. Da na shiga kolej mun yi yawa, aka kai ni baya, tablo, allon aji, ya zama baƙin bango kawai. Kayen Hadiza nake kwafa, in ta yi kure in yi kure irin nata, har mushe, malamin ajinmu, ya ce sata nake yi. Na gwada duk tabarau da ke teburin Baba a ɓoye, daga lamba ɗaya har huɗu. Kowanne ƙara mini duhu yake yi. Sai na ɗauka nawa idon ba shi da magani.

Ga shi ya dawo. Daga nan maganarsa ce. In na sa baki zan rubuta sunana.

Abba, ina gaishe ka. Allah ya kai ka lafiya, ya tsare motarku daga ramin hanya da barcin direba, ya sauke ka hannun mutanen kirki. Uwarka tana gaishe ka, ta ce yajin da ke cikin gwangwanin madara naka ne, kada ka rabar wa 'yan mota. Na san za ka ce gida ɗaya muke, me ya kawo takarda. Kai ɗan fari ne, ban saba zama da kai in daɗe ina magana ba, kuma abin da zan faɗa kurakuraina ne, ba na so in faɗe su kana kallona. Ta waya magana wucewa take yi. Takarda kuwa in ka manta sai ka sake buɗewa.

Shekara ashirin ina sayar da tabarau, Gure da Kelle da Bune, wani lokaci har Gamu. Yanzu za ka zauna wurin Alhajin nan mai butik, wato shagon tabarau, a Damagaram, ka koyi awon ido da yankan gilashi. Tafiyar ba da ƙarfina ba ce. Kawunka Ari ya sayar da bijimi ya zuba, gwaggonka Yagana ta zuba daga abin da ta tara na kanwa. Wanda ya zuba jari yana da baki cikin magana, kuma bakinsu bai zo ɗaya ba. Kana kasuwa ranar da suka zauna a zauren nan, bari in gaya maka yadda aka yi.

Kawunka ya ce, "Yaro zai je birni ya yi shekara biyu yana share wa wani butik? Kaya sun yi araha yanzu. A sayo kwali goma na tabarau, a cika Gure, a cika Kelle, a karya kuɗin. Masu ƙananan tebura su gudu. In sun gudu sai mu mayar da kuɗin inda yake."

Gwaggonka ta ce, "Ari, kai bijimi ka sani, ka tsaya kan bijimi. In sun gudu, wa zai riƙe ƙofa kada su dawo? Kai za ka zauna bakin tasha da sanda?"

Ya ce, "Ku ji mai kanwa. Kanwar taki ba kowa ke haƙa ba?"

Ta ce, "Kowa ke haƙa. Shi ya sa na tsufa ban sayi mota ba."

Ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, amma bai sauka daga ra'ayinsa ba. Ya yarda ne kawai don uwarka ƙanwarsa ce. Zai kira ka, ya ce ka sayo kwalaye ka dawo. Kada ka yi masa gardama, babba ne. Ka ba shi labarin da zan ba ka yanzu.

Sa'ad da na fara, ni kaɗai ne mai tabarau a kasuwar Gure. Wani ɗan kasuwar Kano ya nuna mini su, na sayo kaɗan in gwada. Malamai masu karatun Alƙur'ani suka zo, da teloli, da tsofaffin mata masu saƙar faifai. Hanyar gwajina ɗaya ce. In miƙa wa mutum allura da zare, in ya kasa sai in sa masa lamba ɗaya, in bai yi ba ɗaya da rabi, har a dace. Da zare ya shiga sai ka ga tsoho yana dariya kamar an yi masa haihuwa. Abin da na faɗa shi ake biya. Shekara uku ina haka, na gina ɗakin da kake kwana, na fara jin cewa wayona ne ya kawo. Ba wayona ba ne. Babu wanda ya lura tukuna, shi ke nan.

Da na sayi moto sabuwa, wato babur, na ajiye ta gefen tebur, sai aka lura. Cikin damina biyu muka zama huɗu. Yau mu tara ne. Kuma ba su yi laifi ba, don abin da ake bukata a shiga sana'ata kuɗin mota ne da tebur da allura. Ni kuwa haushi ya kama ni, na yi daidai abin da kawunka yake so ka yi. Na karya kuɗi don in kore su. Na karya, suka karya. Na sake karyawa. Biyu suka bari, na yi murna, na mayar da kuɗin sama, kafin kasuwa uku wasu uku suka shigo, ɗayansu yayansa ke aiko masa kaya kai tsaye, yana samu ƙasa da ni. Kuɗin bai ƙara komawa inda yake ba har yau, don mutane sun riga sun ga ana iya sayarwa da araha. Ni da hannuna na koya musu.

Saboda haka, Abba, kafin ka zuba ƙarfinka a kowace sana'a, kada ka fara da tambayar nawa ake samu. Ka tambaya kwana nawa zai ɗauki maƙwabcinka ya yi irinta. In amsar sati ɗaya ce, ribar da kake gani ba taka ba ce, ta duk wanda ya waiwayo ce. Kuma in Allah ya buɗa maka, kada ka ajiye sabuwar moto gefen tebur.

Teburin dai ba za a rufe shi ba, ko kaɗan ne yana kawo cefane. Gwiwata ba ta ɗaukar zama tun safe, kai kuma ka tafi. Mun yi shawara da uwarka, Fanna za ta bar kolej in an yi hutun nan, ta zauna mini a tebur. Mushensu ya kira ni sau biyu, ya ce ba ta bin karatu, abin da ke kan tablo daban, abin da ke kayenta daban. Ban ga laifinta ba, kowa da abin da Allah ya ba shi. Hannunta da kyau, ga rubutunta kana gani, kuma duk gidan nan babu mai idonta, ita ke sa wa uwarku zare a allura tun tana ƙarama. Rubuta mana, Fanna, me kika tsaya yi? Ba zagi ba ne.

Ni ce Fanna. Na rubuta.

Kure na biyu ya fi na farko ciwo, don ba ni kaɗai ya taɓa ba. Duk shekarun nan mutum ɗaya nake saye wurinsa a Kano. Mutumin kirki ne, yana ba ni shayi, yana tambayar iyali. Akwai wani a Damagaram da ya sha cewa in riƙa ɗaukar ko kaɗan wurinsa, na ƙi, don nasa ya ɗan fi tsada, kuma ina ganin in na raba ciniki na ci amanar abokina. Sai shekarar da aka rufe iyaka. Kaya suka tsaya. Lamba biyu da biyu da rabi, waɗanda aka fi nema, suka ƙare mini cikin wata ɗaya, tebur ya rage cike da lamba huɗu da baƙaƙen tabarau na samari. Na je wurin na Damagaram, ya karɓe ni da fara'a, ya ce, "Malam, ɗan abin da ya rage na waɗanda suka saba saye wurina ne. Kai ai na Kano ne." Gaskiya ya faɗa. Na sha ruwa na komo.

Wata huɗu ina cewa mutane babu. Da hanya ta buɗe sai tsoro ya yi mini ciniki. Na ce ba zan sake zama hannu wofi ba. Na roƙi uwarka ta sayar da awakinta huɗu, na haɗa da abin da ke hannuna, na sayo kayan shekara biyu. Abin da ban yi tunani ba, sauran masu teburan su ma irin tsoron ke cikinsu. Kowa ya sayo kayan shekara biyu a wata ɗaya. Kasuwa ta cika, tsofaffin Gure kuwa ba su ƙaru ba, kowane tsoho hanci ɗaya gare shi. Sannan masu ƙerawa can ƙasar Sin suka sako sabon fasali mai sauƙi a fuska, nawa ya zama tsohon yayi. Kwalayen da ke ƙarƙashin gadon uwarka su ne awakinta. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Sau ɗaya dai, ranar da akuyar maƙwabta ta haifi biyu, ta leƙa ƙarƙashin gado ta ce, "Nawa dai ba sa haihuwa." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abu biyu ke nan. Ka riƙe ƙofa biyu ta samun kaya, ko ta biyun ta fi tsada, kuma ka riƙa shiga ta lokacin da ba ka matsu ba, don a san fuskarka. Sannan in kaya sun yi wuya kowa yana rububi, ka tuna wuyar tana da ƙarshe, kuma ranar da ta ƙare kowa zai zo da nasa lokaci ɗaya. Kada ka yi saye ranar da kake jin tsoro. Ka kwana biyu tukuna.

Ka san wanda ya ci abinci a watannin nan huɗu? Malam Isa mai gyaran agogo, wanda ke zama jikin bangon masu dabino. Yana da gwangwanin tumatir cike da 'yan ƙusoshin nan da ke riƙe hannun tabarau, waɗanda in ɗaya ta faɗi cikin rairayi ko ka yini ba ka ganinta. Da sabo ya ɓace, kowa ya tono tsohonsa mai karyayyen hannu, wani ya ɗaure da zare, wani da waya. Layi ake yi gabansa. Mu tara muna zaune da manyan kwalaye, shi da gwangwani ɗaya. Ni kaina sai da na kai masa nawa. Ya ɗaga kai ya ce, "A'a, sarkin tabarau da kansa? Zauna bayan tsohuwar nan, ta riga ka." Da can in an kawo mini gyara cewa nake yi a sayi sabo, ina ganin gyara ƙasƙanci ne. Kai kada ka raina ƙaramin abu cikin kayan aikinka. Ka duba wanne ne in ya ɓace komai ya tsaya, shi za ka ajiye da yawa, ba wanda ya fi cika ido ba.

Da na je neman maka wurin zama, Alhajin ya zaunar da ni ya nuna mini wannan da kyau. Ya ɗauki tabarau ya raba shi biyu, gida daban, gilashi daban. Ya ce gidan, wato abin da ke zama kan hanci da kunne, masu yinsa sun fi a ƙirga, kullum sabon fasali, kullum araha take ƙaruwa. Gilashin da ake yankawa daidai da idon mutum kuwa masu yin mai kyau ba su da yawa, shi ma wuri biyu yake samu, Yamai da Kano, kuma in ya yi latti babu abin da zai yi sai jira. Ya ce, "Mai gida kowa ubangidansa ne. Mai gilashi shi ne ubangidan kowa." Ni shekara ashirin ina tsaye wajen da kowa ke tsaye. Gwaggonka ba ta taɓa shiga butik ɗin ba, amma abin da take nufi ke nan.

Sai dai kada ka ɗauka ita ce da gaskiya duka. Ita tana so da ka gama a saya maka injin yanka, a kafa a Gure, ta ce daga nan babu mai taɓa ka. Akwai mai taɓa ka. In ka buɗe ya yi kyau, wani zai aika ɗansa ya koyo, kamar yadda muka aika ka. Shekara biyu ko uku ka samu kai kaɗai, ba har abada ba. Ga wutar garin nan yadda take, kuma in inji ya lalace mai gyaransa ba a nan yake ba. A ganina ka fara da akwatin gwaji, ka auna a nan, ka aika awon Damagaram a yanka, a ba direba ya kawo. In mutane sun yi yawa har jiran mota ya zama shi ne matsala, sannan a yi maganar inji. Tambayar kawunka kullum ita ce yaushe abin zai fara dawowa. Tambayar gwaggonka ita ce wa kuma zai iya yinsa. Ka riƙe duka biyun. Ni da na riƙe ko ɗaya da ban kai nan ba. Kuma in abu ya ɓaci ka gaya musu da wuri, da bakinka, kafin su ji a tasha. Ni sai da uwarka ta ƙirga kwalaye da idonta ta gane ba sa raguwa.

Yanzu saura wanda ban taɓa ba kowa labarinsa ba.

Shekara bakwai ko takwas ke nan, ina kasuwar Bune, wani makiyayi ya zo teburina. Ana ce masa Jibo, bai fi shekara talatin ba, dogo, da sanda a kafaɗa. Ya ce, "Mai tabarau, idona ne. In raƙumana sun hau tudu ba na raba su da itatuwa. Sai ƙanena ya nuna mini." Na miƙa masa allura da zare. Ya sa tashi ɗaya, ko lasar zaren bai yi ba. Na yi dariya na ce, "Kai, idonka ya fi nawa. Rana ce ta dake ka, je ka sha fura." Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ni ba allura nake kiwo ba."

Na ga ba zai tafi ba, kuma na ga mai teburin da ke kusa da ni ya kasa kunne, yana gyara kayansa. Na san in Jibo ya matsa taki uku, wancan zai sayar masa da wani abu. To, don kada ciniki ya je wurin abokin gasa, na ɗauki lamba ɗaya na sa masa. Ya dubi nesa, ya ce, "Kamar ya ƙara lalacewa." Na ce sabo ne, ido zai saba. Ya biya ya tafi. Na san ƙarya na yi tun bai ɓace cikin kasuwa ba.

Bayan kasuwa biyu ya dawo, da tabo a goshi. Ya ajiye tabarau kan tebur a hankali, ya ce, "Na sa kwana uku kamar yadda ka ce. Ƙasa ta taso mini, na faɗi kan kwamin ruwa a bakin rijiya. Ga kayanka." Na zaro kuɗinsa, ya ce in bari. Ya ce, "Da ka ce mini ba ka da shi." Bai ɗaga murya ba, ya juya ya tafi. Ban sake ganinsa ba. Ina zuwa Bune ina dubawa, har yau.

Sai daga baya na sani cewa rashin gani iri biyu ne. Akwai na tsufa, wanda kusa ke ɓacewa, shi ne duk abin da ke teburanmu yake gyarawa. Akwai kuma wanda kusa lafiya lau, nesa ce babu, kuma wannan yakan kama mutum tun yana yaro. Gilashinsa daban ne, sai an auna, wani lokaci ido biyun ma ba ɗaya ba. In ka sa wa irin wannan mutum namu, ƙara masa kake yi. Mu tara a kasuwar Gure, babu mai ko guda ɗaya na nesa. Muna ta faɗa kan tsofaffi ɗari, muna karya wa juna kuɗi, alhali ga mutane suna wucewa gabanmu da bukatar da babu wanda ya kawo kayanta. Allurata ba ta auna nesa, ni kuwa na yarda da ita fiye da bakin mutum.

Ni ce Fanna. A nan na tsaya, Baba ya ce lafiya, na ce bik ne ya ƙi. Ya karɓa ya hura masa iska ya miƙo mini.

Wannan shi ya sa na goyi bayan tafiyarka, ba maganar riba kaɗai ba. Amma ribar ma a nan take, ka gaya wa kawunka. Inda mutane tara suke tsaye babu abin da ya rage. Inda babu kowa kuwa, ga makiyaya, ga direbobi, ga 'yan lakwal a ƙauyuka, Allah kaɗai ya san yawansu. Jibo ma ya yi ƙoƙari, ya buɗe baki ya faɗa. Da yawa ba su san wasu na ganin abin da su ba sa gani ba. Wasu sun sani, kunya ta hana su. Kai za ka tambaya. In ka dawo ka sa alama jikin bango mai nisa, kowa ya zo ka ce ya duba can tukuna, kafin ka ba shi abin dubawa a hannu. Wanda ya ce maka ba ya gani, ka yarda da shi, ko kayan awonka sun ce lafiya, ka sake aunawa. In abin ya fi ƙarfinka, irin yanar ido ko ciwo, ka ce ya je likita, kada ka sayar masa da komai. In ba ka da abu ka ce ba ka da shi. Kalma huɗu ce, na kasa faɗinta don tsoron teburin kusa, kuma ta fi awakin uwarka tsaya mini a rai.

Sauran ka sani. Ka riƙe salla. Ka ci abin da aka ba ka a gidan Alhaji, kada ka ce a gidanmu ba haka ake yi ba. In ya ba ka shara ka yi shara, amma idonka na kan hannunsa. Ka san sunan direban da ke kawo masa gilashi, da ranar da yake zuwa, da abin da ke sa shi latti. Ka gaida masu butik na kusa, ba maƙiyanka ba ne, ranar da naka ya ƙare su za su ara maka. Ni ban gaida nawa ba sai da gemuna ya yi fari. Ka kira uwarka ranar Juma'a, ba za ta ce tana jira ba, amma wayar tana ɗaure a bakin zanenta.

Allah ya tsare ka a tafe, ya tsare ka a zaune. Allah ya buɗe maka kai, ya sa hannunka ya zama sanadin ganin mutane. Ya raba ka da abokin banza da cinikin tsoro. Ya dawo mana da kai lafiya, ya same mu lafiya. Na yafe maka duk abin da ka yi mini, na sani da wanda ban sani ba, kai ma ka yafe mini. Uwarka ta ce amin. Wassalam. Mahaifinka.

Ni ce Fanna. Baba ya tafi masallaci la'asar. Ya ce in ya dawo in karanta masa takardar daga farko, ya ji ko na tsallake wani abu, sannan a naɗe.

Yaya, da na fara rubutun nan niyyata in tsallake nawa in na zo karantawa, in fara daga inda ya ce yana gaishe ka. Ba zai sani ba. Na so kai kaɗai ka ji, kana can nesa, inda ba sai na dube ka ba, wataƙila bayan shekara biyu ka dawo da akwatin gwaji ka auna ni. Amma hutu saura sati biyar. In na zauna a tebur an ba wata bencina, kuma ni ce zan riƙa miƙa wa mutane allura.

Ban san me zai ce ba. Wataƙila ya ji kunya, ni ma ina jin ta tun yanzu. Ka tambayar mini Alhaji ko ana auna 'yan mata, da ko sai mutum ya zo da kansa. Ka gaida Damagaram, an ce daga nesa ana hango duwatsunta, in na zo zan so in ga haka.

Na cika masa buta, na shimfiɗa tabarma, na juya kaye zuwa shafin farko. In ya zauna zan fara daga layin farko da na rubuta sunana, ba zan tsallake komai ba.